Shekarar da irin masara bai kai Gidan Kuka ba

Yau kwana goma sha shida ke nan rabon Samaru da ruwan sama. An yi shuka, masara ta fito har ta kai taƙi guda, sai sama ta ɗauke. Da safe in na bi ta gefen gonakin bayan unguwarmu zan tafi wurin da nake koyar da kwamfuta, sai in ga ganye ya nannaɗe kamar an murza shi, ƙasa ta yi fari ta tsattsage. Da yamma hadari ya haɗu ta gabas, mata su yi ta kwashe shanya, can iska ta taso ta watsa shi. Irin wannan farin ne ya dawo mini da wata damina, shekara goma da 'yan kai da suka wuce, wadda azumi ya faɗo a cikinta.

A lokacin ina aji biyu a jami'a, ina karanta ilimin kwamfuta, sai malamai suka tafi dogon yajin aiki. Wanda bai zauna a Samaru ba ba zai gane abin da tafiyar ɗalibai ke nufi ba. Ɗakunan haya duk da kwaɗo a ƙofa. Masu acaɓa na gyangyaɗi a gindin dalbejiya. Innarmu, wadda ke sayar da shinkafa da wake a bakin titi, ta koma daga babbar tukunya zuwa 'yar ƙarama, daga baya ta kife ƙaramar ma. Babanmu, Malam Isiyaku, ya yi ritaya daga aikin leburanci a gonar gwaji, ya koma kan gonarsa, kuma shi ne magatakardan ƙungiyar ƙananan manoma ta Samaru da ƙauyukan da ke kewaye. To ita gonar ma, shukar farko ta ƙone ƙurmus.

Haka muka shiga azumi. Da sahur ɗumamen tuwon dawa ne da miyar kuka, a kora da ruwan randa. In gari ya waye ni da ƙannena mu yi layi a rijiyar maƙwabta, guga ta yi ta tafiya kafin ka ji ta taɓa ruwa, ta fito da rabi, rabin ma ja. Wajen azahar kwanon ɗaki ya ɗauki zafi har ya riƙa ƙara shi kaɗai, mu fito mu baje a zaure, leɓe ya bushe, babu mai son yi wa wani magana. Da magariba kunun tsamiya ne, sukari sai dai Inna ta nuna masa cokali. Ƙosai kuwa ranar Juma'a kawai. Yanzu yarana kan tambaye ni ko lemo mai sanyi ko zoɓo za su sha ruwa da shi. Nakan ce su zaɓa, in ci gaba da abin da nake yi.

Ba ni da kwamfuta. A makaranta ma yawanci a takarda muke rubuta shirye-shiryenmu, malami ya duba da jan biro. Wata ƙawata ce ta yi mini kwatancen wani shago a Muciya, cikin Sabon Gari, inda ake buga takardu. Mai shagon sunanta Maman Uche. 'Yar kabilar Ibo ce, amma a Zariya aka haife ta, Hausarta ta fi tawa karin magana. Da can ta yi aiki a ɗakin kwamfutar wata masaƙa, da masaƙar ta rufe sai ta dawo ta buɗe shago da injuna biyu da wata tsohuwar firinta mai tari. Muka shirya da ita: da safe in buga mata takardun mutane, da rana in akwai wuta ta bar mini injin ɗaya, ta kuma duba abin da na rubuta.

Kullum nakan hau bas daga Samaru, ranar da babu hali in sauka a Kwangila in ƙarasa da ƙafa. Ita ba ta azumi, amma tun ranar farko ban ƙara ganin ta ci ko ta sha a gabana ba. In ƙishi ya kama ta sai ta ce za ta duba wani abu a bayan shago.

A wurinta na fara gane jeri, wato yadda ake tara abubuwa da yawa a ƙarƙashin suna ɗaya, kamar sunayen 'yan aji a rajista. A wurinta kuma na iya abin da ɗalibai ke kira lup, umarnin da ke sa kwamfuta ta bi jeri ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa kowanne aiki iri ɗaya har ta kai ƙarshe. Ranar da na sa inji ya gaishe da sunaye hamsin cikin ƙiftawar ido, ji na yi babu abin da ya gagare ni a duniya. Maman Uche ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "Hajara, sannu ba ta hana zuwa. Injin nan wawa ne mai sauri. Abin da kika ce shi zai yi, ba abin da ke ranki ba."

Na ce to, amma kunnena kawai ya ji.

Cikin sati na biyu na azumi labari ya zo cewa ƙungiyar su Baba ta sami tallafin irin masara mai saurin nuna, don a maimaita shuka da zarar ruwa ya dawo. Gida ɗari da goma sha biyu ne a littafin Baba, kuma iri an auno shi daidai, kowane gida tiya ɗaya, babu ƙari. Ranar Alhamis aka fara rabo a filin makarantar firamare. Duk wanda ya iso ya miƙa buhu, Baba ya sa alama a gefen sunansa. Kafin a gama, jami'in gona da ya kawo irin ya ce motarsa za ta koma, a ƙarasa ranar Litinin. Ya kuma roƙi a kawo masa sunayen waɗanda suka rage a bugaggiyar takarda, don rubutun Baba na ba shi wahala.

Ranar Juma'a da dare zazzaɓi ya kwantar da Baba. Da safe na same shi yana ƙoƙarin kwafe sunaye.

Na ce, "Baba, ku kawo in yi muku. Aikin minti biyar ne a kwamfuta."

Ya ce, "Kin tabbata? Haƙƙin mutane ne fa."

Na ce, "Inji ba ya kuskure."

Na tafi da littafin Sabon Gari. Maman Uche ta je biki a Jushi, ta bar mini mabuɗi. Na buga sunayen duka a jeri ɗaya na kira shi sunaye, yadda suke a littafi, unguwa bayan unguwa. Na yi wani jerin na waɗanda suka riga suka karɓa. Sai na ce bari in yi kwafin babban jerin don kada in ɓata na asali, na rubuta saura = sunaye. Daga nan na sa lup ya bi sunaye, duk wanda ya ga ya karɓa ya cire shi daga saura. Takarda ta fito fes. Ban ƙirga ba. Na naɗe ta na sa a jaka, ina tafe ina jin kaina.

Ranar Litinin Baba bai iya tashi ba. Jami'in, wanda baƙo ne bai san kowa ba, ya tsaya da takardata yana kiran suna. Ni ina gida ina dama wa Baba magani. Wajen la'asar muka ji sallama a zaure.

Baba Nomau ne, dattijon Gidan Kuka, wani ɗan ƙauyen Maguzawa da ke bayan rafi, waɗanda yawancinsu suka shiga addinin Kirista tun kafin a haife ni. Sa'an Babanmu ne, dogo, siriri, da furfura har a gira. Ya shigo da buhunsa a naɗe a hammata, babu komai a ciki. Baba ya lallaɓo ya fito ya jingina da bango. Ni ina bayan ƙyaure.

Bayan sun gaisa Baba Nomau ya ce, "Isiyaku, tun hantsi muke tsaye a rana. Da aka zo kanmu aka ce iri ya ƙare. Gida tara, ko ƙwaya."

Baba ya ce, "Ya ƙare? Ai a ƙirge yake."

"To ya ƙare. Kuma da idona na ga ɗan gidan Alhaji Garba ya karɓa yau, alhali ubansa ya karɓa ran Alhamis a gabana." Ya gyara buhun. "Shekara talatin muna cin gayyar juna. Samarinmu na cewa don muna zuwa coci ne aka ajiye mu a ƙarshe aka cinye rabonmu. Na ce musu Isiyaku ba haka yake ba. To yanzu ka gaya mini abin da zan koma in faɗa musu."

Baba bai waiwayo inda nake ba. Ya ce, "Nomau, takardar daga gidana ta fita, don haka laifin nawa ne. Ka ba ni zuwa jibi."

Da aka kira magariba na kurɓi kunu sau ɗaya na ajiye kofin. Baba bai yi mini faɗa ba, wannan kuwa ya fi duka ciwo. Abin da ya ce kawai shi ne, "Gobe ki je ki gano inda aka tsallake."

Sassafe na isa Muciya. Babu wuta. Na fara ba Maman Uche labari, kuka ya ƙwace mini. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta turo mini takarda da biro ta ce, "Ba sai an kawo wuta ba. Rubuta mini abin da kika gaya wa injin, layi bayan layi."

Na rubuta. Ta ɗora yatsa a kan saura = sunaye ta ce, "Wannan fa?"

"Kwafi na yi, Mama."

"A gida me ake kiran ki?"

"Hajo."

"To in aka aske kan Hajo, Hajara na da gashi?"

Sai ta ɗora da cewa, "Ba kwafi kika yi ba, 'yata. Laƙabi kika sa wa jerin. Jeri ɗaya ne da suna biyu. Shi kuwa jeri abu ne da ake canza shi a inda yake, ba kamar lamba ba, wadda in kika ƙara mata ɗaya sabuwa kika samu, tsohuwar na nan. Duk abin da kika cire daga saura, daga sunaye kika cire shi. Wato kina tafiya a kan tabarma kina janye ta."

Na ce, "Amma ai cirewar nake so. Me ya sa wasu ba su ciru ba?"

Ta jawo wani gwangwani da take tara marafan kwalaben lemo, ta jera biyar a kan tebur. Ta ce in ɗora yatsana a kan na farko. "Yatsanki shi ne lup. Bai san fuska ba, mazauni kawai ya sani: na ɗaya, na biyu, na uku. Wannan na farkon ya karɓi iri, cire shi."

Na cire. Ta tura sauran huɗun suka matso suka cike gurbin.

"Yanzu matsa zuwa mazauni na biyu."

Na matsa. Yatsana ya sauka a kan marfin da ɗazu yake na uku. Wanda yake na biyu ya koma mazaunin farko, a bayan yatsana, ban taɓa shi ba.

Ta ce, "Kin gan shi? Ko ya karɓa ko bai karɓa ba, ba wanda ya tambaye shi. Duk inda mutum biyu da suka karɓa suke maƙwabtaka a littafi, na biyun ya tsira."

Sai na ji kamar an yaye mini mayafi daga ido. Abin ƙarami ne har ya ba ni haushi. Marafan kwalba biyar, ga gida tara babu iri.

Ta ce, "Dokar guda ce. Jerin da kike bi, kada ki taɓa shi. Buɗe sabo wanda babu komai a ciki, ki bi tsohon, duk wanda bai karɓa ba ki zuba shi a sabon. In kin gama ki ƙirga. Waɗanda suka karɓa da waɗanda suka rage, in an haɗa, dole su ba ki adadin farko. Da kin ƙirga, da tun ran Asabar kin kama shi."

Ta girgiza galan ɗinta na fetur, ɗan kaɗan ne a gindi, wanda take tanadi don aikin masu biya. Ta juye shi duka a janareta. Cikin rabin awa muka fitar da sunaye tara na gidajen da aka kira sau biyu, muka gwada da alamomin littafin Baba, suka yi daidai. Da zan tafi ta ƙulla mini dabino uku a leda ta ce, "Na shan ruwa. Kuma ki faɗa musu da bakinki. Kada ki bar tsoho ya ɗauki kayanki."

Ina cikin bas, mun wuce Kwangila, sama ta yi baƙi ƙirin. Iska mai sanyi ta shigo ta taga da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wani wuri da aka riga aka fara. Mutanen cikin mota suka ɗauki hamdala. Ni kuwa Allah-Allah nake in isa gida, don na san duk wanda ke da iri, gobe da asuba zai kai shi ƙasa.

Na isa gida a jiƙe sharkaf. Baba ya karanta sunayen, ya ce a miƙo masa lema da sanda. Inna ta ce, "Malam, da wannan jikin?" Ya ce, "In na kwanta yau, gobe ba abin da zan tarar."

Muka bi gidajen nan cikin ruwa, kwata ta cika tana malala a kan hanya, laka na cire mini silifas. A kowace ƙofa ni ke magana. In ce ni ce na buga takardar, ni na yi kuskure, an kira gidanku sau biyu, rabon mutanen Gidan Kuka ne. Yawancinsu ba su ma sani ba. Uba ya karɓa ran Alhamis, ran Litinin aka kira suna, ɗa ko ƙane ya amsa, kowa na zaton ƙari aka yi. Alhaji Garba da kansa ya shiga ya ɗauko ledar, ko kwance ta ba a yi ba, yana ta salati. Wata bazawara, Goggo Lami, ta miƙo nata ta ce, "Dama tun jiya raina bai kwanta da shi ba." Wani ya riga ya aika wa ɗan'uwansa a wani gari. Wani kuma ya tsaya a bakin ƙofa ya ce shi an kira sunansa ne a gaban jama'a, bai saci na kowa ba, ya mayar da ƙyaure. Baba ya ce, "Mu tafi." A zauren gida na takwas magariba ta same mu. Na kwance ledar Maman Uche, Baba ya ci ɗaya, na ci ɗaya, muka ba mai gidan ɗaya.

Tiya bakwai muka haɗa. Bayan sallar asuba Baba ya tashi a masallaci ya faɗi abin da ya faru. Kafin rana ta fito, mutane suka riƙa zuwa ƙofar gidanmu, wannan da gwangwanin madara cike da jajayen ƙwayoyin iri, wancan da tafin hannu. Baba ya zuba rabin namu. Tiya biyun suka cika har da ɗan tozo.

Rafi ya kawo, sai da na tattare zane muka haye ni da Baba. Mutanen Gidan Kuka na tsaye a gindin kukarsu, samari a gefe, fuska a ɗaure. Na durƙusa a gaban Baba Nomau na faɗi komai, har da alfaharin da na yi cewa inji ba ya kuskure. Wani saurayi ya ce, "Wato kwamfuta ce ta ƙi mu?" Na ce, "A'a, ni ce ban iya gaya mata ba." Baba Nomau ya kwance buhu ya damƙi irin, ya sake shi yana zuba ta tsakanin yatsunsa. Ya juya ga samarin ya ce, "Kun ji. Ku ɗauko sungumi, ƙasa ba ta jira." Matarsa ta kawo mana ruwa a ƙwarya, sai ta tuna, ta dafe baki tana dariya ta koma da shi. Mutum shida daga unguwarmu suka biyo mu da azumi a bakinsu, aka yi layi, masu sara na gaba, masu zuba iri na biye. Ni ma na zuba har bayana ya ƙage. Kafin azahar an rufe gonaki tara.

Ruwa bai ƙara yankewa ba. Aka yi marka a watan Agusta har bangon bayan gidanmu ya zube, muka yi sallah da tsofaffin kaya, ba wanda ya damu. Zazzaɓin Baba ya ɗauki sati biyu kafin ya sake shi.

Wajen ƙarshen Satumba sai ga Baba Nomau a kan keke da buhun ɗanyar masara. Ya sauke rabi a gidanmu, ya ce sauran na matar da ta gano ɓarnar ne, kuma yana so ya ga injin da idonsa. Muka hau bas tare har Muciya. Maman Uche ta rasa inda za ta sa shi don murna, ta aika aka hura gawayi a bakin shago, ƙanshin gasasshiyar masara ya cika layin, masu walda da telolin maƙwabta duk suka samu.

Ya zauna a gaban kwamfutar, hularsa a gwiwa. Ya ce in nuna masa yadda take bin mutane. Na sa lup ɗin a hankali, sunaye na fitowa ɗaya bayan ɗaya, unguwa bayan unguwa. Yana iya karatun boko kaɗan, yana bi da leɓe. Aka daɗe kafin nasa ya fito, can a ƙasa, na ɗari da goma sha biyu.

Ya ce, "Kullum daga sama take farawa?"

Na ce, "Yadda aka umarce ta, Baba. Tana iya farawa daga ƙasa."

Ya ce, "Gwada in gani."

Na canza layi ɗaya. Sunansa ya fito na farko. Ya daɗe yana kallon sa, sannan ya sa hularsa, ya karɓi masarar da Maman Uche ta miƙo masa, ya ɓare ta biyu ya ba ni rabi.

Ya ce, "To ki gaya wa Isiyaku, baɗi haka za a kira."

Haka kuwa aka kira, a baɗin da kuma shekaru shida da suka biyo baya, har Allah ya karɓi ran Baba Nomau. Ba wanda ya taɓa cewa a mayar.